Wa zai faɗa wa mawaƙin Magarya cewa waƙarsa ba ta nuna ba?

Jama'a, yau da mutane biyu nake: masu kuɗin "horas da matasa masu fasaha", da mu kanmu, 'yan tafi a Facebook.

Ku ɗauki hanya daga Magarya ku bi ta Bande, Waca, Yekuwa, Sasumburum, ku karkata gabas zuwa Dungas, Guci, Malawa, Dogo-Dogo. Babu garin da za ku sauka ba ku tarar da yaro yana rera waƙa cikin salula ba, ko gungun samari masu wasan barkwanci don TikTok, ko mai zanen allunan shaguna a bakin tasha, ko yarinya mai rubuta labari babi-babi tana rabawa a WhatsApp. Basira tana nan jingim. Abin da yaran nan suka rasa shi ne mutum guda da ya fi su sanin sana'ar, wanda zai zauna da su wata da watanni, ya saurari aikin da kunnen da ba ya jin kunya, ya ce musu: nan ka yi, nan ka ɓata, koma ka sake. Mun cire wannan mutum daga rayuwarsu, mun ajiye abu biyu a gurbinsa, atiliye na kwana uku da yabon intanet. Ni kuwa ina ganin duka biyun suna cinye yaran nan da ransu.

Bari in fara da atiliye, tunda kowa ya san kamanninsa. Proje ya iso da mota mai tambari. An zaɓo mutum ashirin ko talatin, rabinsu don sun san wanda ya rubuta sunaye. Rana ta farko ta ƙare a jiran manyan baƙi, jawabin buɗewa da ɗaukar hoto. Rana ta biyu mai horaswa daga Yamai ya haska rubutu a bango da Faransanci, yaran suna gyaɗa kai, ido na kan agogon abinci. Rana ta uku a raba takardar shaida da pardiyam, kowa ya kama gabansa. Mai horaswa ba zai sake jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba har abada. Amma a rahoto za a rubuta cewa an "ƙarfafa ƙwarewar" matasa talatin.

Kuma tun kafin a zo an riga an yanke abin da za a rera: auren wuri, tamowa, allurar rigakafi, tafiyar mata da yara Aljeriya. Kada wani ya juya mini magana. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma mu 'yan wannan yanki mun fi mai rubuta rahoton saninsu. Tun 2005 likitocin MSF ke jinyar yara masu tamowa a Magarya, kuma ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba, galibinsu mata da yara daga maƙwabtanmu na Kance. Abin da nake cewa shi ne, a irin wannan zama tambaya ɗaya tak ake yi wa waƙa: saƙo ya wuce? Ba mai tambayar ko karin ya zauna, ko amsa-amon dole aka yi masa, ko uwar da ke magana a cikin wasan tana magana irin ta uwayenmu ko irin ta takardar proje. To yaro ba wawa ba ne. Ya gane abin da ake biya, sai ya koyi yin sa. Shekara biyar ana haka, ka samu mawaƙi mai jakar takardun shaida cike, wanda bai taɓa yin waƙar da mai tallan fura za ta rera don kanta ba. Har saƙon ma bai wuce ba, don mutane sun san sanarwa in sun ji ta, ko an sa mata kiɗa.

Ta yaya aka yi waɗanda muke alfahari da su? Mu duba mana.

A gargajiyance, makaɗi ba ya faɗowa daga sama. Yaro yana fara wa da ɗaukar ganga da shimfiɗa tabarma. Ya shekara yana saurare kafin a bar shi ya shiga amshi. Ya daɗe a amshi kafin a yarda ya ƙara ɗa guda nasa a cikin waƙa, in ya karya kari kuma a tsayar da shi nan take, gaban kowa. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi, ya yi amshi shekaru kafin ya ja nasa ayari. Nan gida Damagaram, Ma'azu Ɗan Alalo a fada ya yi waƙa, gaban mutanen da suka san salsalar sarauta a ka, waɗanda in ka tsallake kaka guda za su ji, kuma za ka ji cewa sun ji. Ubangida yana gyara, masu saurare suna gyara. Na san wannan tsari yana da nasa mugun gefe. Gado ne, wanda ba ɗan gida ba da wuya ya shiga. Akwai duka, akwai ubangidan da ke cinye kyautar ya bar yara da ƙwandala, ga kuma kallon raini da ake yi wa maroƙi har gobe. Ba na kiran a dawo da bulala. Amma akwai abu biyu a cikinsa da babu wata sana'a a duniya da ke yiwuwa ba tare da su ba: daɗewa tare da gwani, da gyaran da ba a ɓoye shi. Su biyun nan ne daidai atiliye ya zubar.

Ga misalin da ya kamata a rubuta a ƙofar duk ofishin da ke kashe kuɗi da sunan al'adu. Malam Mamman Barka, ɗan Tasker a nan jiharmu, malamin lakwal ne kuma ya riga ya yi suna da gurmi, ana jin sa a rediyo ko'ina cikin ƙasa. Mutum ne da zai iya zama ya ci sunansa. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafkin Cadi wajen wani tsoho Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kiɗan biram, abin kiɗan Buduma masunta mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Shahararren mawaƙi ya koma ɗalibi a gaban tsohon da ba wanda ya san shi a Yamai. Ya zauna ya koyi yadda ake riƙe abin, yadda ake ɗaure shi, waƙoƙinsa da ladubbansa. Tsohon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba. Malam Barka ya fitar da faifai a Ingila a 2009, ya zagaya da biram ƙasashen Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Ku lura da yadda aka kashe kuɗin nan: ɗalibi ɗaya, malami ɗaya, lokaci mai tsawo. Da irin masu tsara mana atiliye aka ba wa, da sun tara mutum arba'in a otal ɗin Difa, sun nuna musu hoton biram a bango, sun raba riguna.

Yazi Dogo da abokansa fa, da suka sa Zinder ta zama cibiyar wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a shekarun 1970 da 1980? Yawancinsu ma'aikata ne da malaman makaranta. Ba su da rubutaccen wasa da ake haddacewa. Zama suke su tattauna jigo, su raba matsayi, su gwada, su yi gardama, su sake gwadawa, har wasan ya tsaya da ƙafarsa. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna da su ta rubuta littafi a kan aikinsu a 1987. Wannan maimaitawar ta kullum, inda abokin wasanka zai ce maka "ba haka Alhaji ke magana ba", ita ce makarantarsu. Kuma ƙungiya ce mai ɗorewa, ba taron da ke watsewa ranar da kuɗi suka ƙare ba.

In kun ce wannan tsohon zamani ne, ga Aisha Maki. 'Yar Zinder ce, ta karanta ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai, sannan ta bi ta hannun masu fim na gaskiya da suka riga ta, ta je har Saint-Louis ta Senegal ta yi digiri na biyu a kan wannan fanni, inda ake sa ka rubuta fim ɗinka ka sake rubutawa ana yayyaga maka shi. Sakamakon shi ne fim ɗinta na 2016 a kan rashin haihuwa, da na 2021 a kan samarin fale na unguwar Kara-Kara. Duk wanda ya kalli na biyun ya san cewa wadda ta yi shi an koya mata haƙurin kallo da sauraro. Tambayata ita ce, yarinyar Kwaya ko ta Malawa mai irin wannan ido, wadda ba za ta taɓa ganin Yamai ba balle Senegal, wa zai yayyaga mata nata rubutun?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙasar nan ta san yadda ake rainon gwani in ta ga dama. Ku dubi kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi. Ana tace 'yan kokowa daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, kowace jiha ta fitar da goma, a killace su, a ba su mai horaswa, a ciyar da su. Ɗan kokowa yana da wanda zai ce masa ƙafarka ta hagu ce ke ba da kai. Bayan kowace karawa kuma duk fadar shayi a Magarya ta zama majalisar sharhi, yaro ɗan shekara goma zai bayyana maka dalilin da ya sa wane ya faɗi. Ba mai kiran wannan hassada. Amma mawaƙi? Cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya tana Yamai, tafiyar kusan kilomita dubu daga nan. Gasar Ɗan Gurmu, in an yi ta, ranar gasa ake ganin mutum, a ba shi lamba ko a hana shi, ba wanda zai zauna ya faɗa masa dalili. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011. A cikin waɗannan shekaru an kawo perfe, an kawo ofisoshi da hatimai. A nuna mini ɗaki ɗaya inda yaro mai zane ko mai waƙa zai kai aikinsa ranar Asabar ya tarar da wanda zai duba.

Yanzu in juyo kanmu, don laifin ba na masu mota mai tambari ba ne su kaɗai.

Abokinka ya saki waƙa. Ka saurari daƙiƙa ashirin, ka rubuta "wuta", ka jera masa alamar wuta guda biyar, ka wuce. Mutum ɗari sun yi haka. Sai wani guda ya ce baiti na biyu bai da alaƙa da na farko, kuma na'ura ta rufe muryar har ba a jin kalmomin. Nan take a yi masa ca: ɗan hassada, maƙiyi, kai me ka taɓa yi? Mawaƙin ma ya fito ya yi bidiyo a kan "masu baƙin ciki". Wallahi mun mai da kalmar hassada garkuwar ragwanci. Wanda ya saurari waƙarka sau uku har ya gano inda ta karye ya fi ƙaunarka a kan ɗarin da ba su kai ƙarshenta ba. Ni na zauna a wani zama inda yaro ya karanta wasansa, kowa a ɗakin ya san ƙarshen bai yi ba, aka tafa, aka tashi. A waje kuma aka yi ta dariyarsa. Wannan shi muke kira kara.

Ku tsallaka iyaka ku ga abin da gardama ta yi wa adabin Kano. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya caccaki littattafan soyayya, ya kira su adabin kasuwar Kano. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka mayar masa, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jarida, da hujja, da sunan littafi, da misali. An ji zafi, an ɓata wa juna rai. Amma marubutan sun san ana karanta su da idon basira, kuma wannan rigima ce ta sa jami'o'i suka fara ɗaukar aikinsu da muhimmanci. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, masu shirya fim suka samu inda za a yabe su a kuma tsige su. Mu a nan wace jarida, wane shiri na rediyo, wane shafi ne ke ɗaukar waƙar ɗan Waca ya feɗe ta baiti-baiti?

Tunda babu, Kano ce ta zama malamar yaranmu, daga nesa, ta cikin salula. Ba na zagin Kano. Ɗan Magarya ya fi kusa da Kano a kan Yamai, ɗan Dungas kasuwar Maigatari yake ci, naira da sefa duk suna aljihunsa, kuma Fati Nijar ta nuna cewa ɗiyar ƙasar nan za ta iya zuwa can ta yi sarauta. Amma koyo ta kwaikwayo ba tare da mai gyara ba, kwafi yake haifarwa. Saurari waƙoƙin dandali goma na samarinmu, takwas za ka rantse ƙannen Hamisu Breaker ne da aka bari a gida. Karin Hausarmu ta nan, zaurancen kasuwar Magarya, waƙoƙin daɓe da na niƙa da iyayenmu mata ke yi, kirarin 'yan kokowa da na mafarauta, duk suna nan a ƙofar gida ba mai taɓawa, don ba wanda ya taɓa ce wa yaron wannan dukiya ce. Aikin ubangida na ƙwarai kenan: ya hana ka zama wani, ya tura ka ka tono abin da kai kaɗai ke da shi.

Sannan akwai ɓangaren ciki, wato tuwo. Yaro ya tara kuɗin kabu-kabu ya shiga situdiyo, ya fito, ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa kyauta don ta yaɗu. Wani mai kuɗi ya kira shi ya yi masa waƙa, a ba shi jaka ashirin, a yi shekara ana amfani da ita. Bai san akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA ba, bai san ana rubuta yarjejeniya da mai situdiyo a kan wa ya mallaki kiɗan ba, bai san yadda ake faɗin farashi ba tare da sunkuyar da kai ba. Waɗannan ba a koyon su a allo cikin awa biyu. Ana koyon su ne a gefen wanda aka taɓa cuta ya warke. 'Yan mata kuwa nasu ya fi muni, don sau da yawa wanda ya ce zai "ɗaga" su wani abu yake nema, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Shi ya sa duk tsarin da za a yi dole ya kasance a fili, da rana, a wurin da uwa za ta iya leƙowa, kuma da mata gwanaye a cikin masu koyarwa. Zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya suna nan da ransu a garuruwanmu, ba wanda ya taɓa kiran su malamai.

Za a ce babu kuɗi. Ƙarya ne. Ku lissafa atiliye guda: hayar ɗaki, man mota daga Yamai, otal ɗin mai horaswa, abinci, riguna, allon tambari, pardiyam. Wannan kuɗin zai biya gwani ɗaya a Magarya ko Dungas alawus na shekara, ya riƙe yara biyar, su haɗu sau biyu a mako, a ƙarshe su fito gaban jama'a da aikin da aka soke aka gyara sau goma. Matsalar ita ce biyar ba ta cika rahoto kamar talatin, kuma tsohon makaɗi ba ya iya cike fom da Faransanci. To a canza fom ɗin mana. Gidajen rediyon al'umma da ke yankin su ware awa guda a mako, a sa waƙa ɗaya, mai ita yana zaune, mutum biyu da suka san abin su tattauna ta, masu saurare su bugo. Jami'ar Zinder tana ɗauke da sunan André Salifou, mutumin da ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu. Ɗalibanta na adabi da ke neman abin rubuta kundi, me ya hana a turo su nan su yi nazarin waƙoƙin da ake yi yau, su dawo su karanta wa masu waƙar abin da suka gano, da Hausa?

Na ce da Hausa da gangan. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, muka yi murna. A 2024 an cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Yamai aka sa na Mustafa Alasan, muka tafa. Madalla. Amma Mustafa Alasan bakanike ne da ya samu waɗanda suka buɗe masa ƙofa, ya yi aiki tare da shi Rouch ɗin, ya je Kanada wajen Norman McLaren ya koyi fim ɗin zane, ya dawo ya yi abin da ba irin na kowannensu ba. Sauya allon ƙofa abu ne na yini ɗaya. In da gaske ake batun 'yancin kai a al'adu, a nuna mana bakaniken Dungas da aka ɗauka aka haɗa shi da gwani.

Don haka ga buƙatata ga masu riƙe da ma'aikatun magajin gari na gundumomin nan biyu, da ofisoshin matasa da al'adu, da duk ƙungiyar da ta taɓa shirya horo da sunan masu fasaha a Magarya da Dungas: ku buga mana lissafi. Atiliye nawa kuka yi cikin shekara biyar da suka wuce, sefa nawa suka ci, kuma cikin waɗanda kuka ba takardar shaida, mutum nawa ne mai horaswar ya sake sauraren aikinsu ko sau ɗaya bayan an watse. Ku manna shi a ƙofar ofis, mu za mu zo mu ɗauki hotonsa mu sa a wannan shafi.